Banda Kazablanka da Marrakesh, ina kuma za mu leƙa?

Mushe_Ila_Tawa:
Assalamu alaikum ƴan zaure. Shawara nake nema. Shekara 3 ina zubin adashe, yanzu kwasata ta zo, kuma na yi wa maiɗakina alkawarin za mu je Maroko cikin hutun Disamba, kwana 12. Na sauka Yamai na shiga wata ajans ta shirya tafiye-tafiye, suka ba ni takardar tsarinsu: kwana 3 Kazablanka, kwana 4 Marrakesh, sauran kwanakin kasuwa da bakin teku. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, maƙwabcina ya je bara, abokin aikina ya je bara waccan, da na duba hotunansu sai na ga wuri ɗaya suka tsaya, gaban masallacin Hasan na Biyu, sannan filin nan na Marrakesh mai masu wasa da macizai. Ban raina wuraren ba. Amma ni malamin tarihi ne, shekara 16 ina faɗa wa yara cewa ayarin raƙuma ya haɗa ƙasarmu da waccan ƙasa, kuma ina son in ga bakin hanyar da idona. Wanda ya taɓa fita daga layin da ajans ke bi da mutane, don Allah ya gaya mini ina ya je, yaya ya je, kuma me ya tarar.

Dan_Koloma:
Wa alaikumus salam Mushe. Fas. Ka je Fas, magana ta ƙare.

Sani_Boukoki:
@Dan_Koloma ai Fas ba ɓoyayyen wuri ba ne. Duk wani ɗan Tijjaniyya daga nan har Kaulaha can ya nufa, ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani. Turawa ma cike suke da garin. Mushe wurin da ba a cika zuwa ba yake tambaya.

Hajiya_Rabi_Yamai:
Sani gaskiyarka, amma bari in ɗan gyara. Yawancin mutanenmu da ke cewa sun je Fas, zawiya suka je. Mota ta sauke su, su yi ziyara, su yi wazifa, su kwana ɗaya su juya. Ni ma haka na yi zuwan farko. Zuwa na biyu ne na zauna kwana 4 cikin tsohon gari, kuma a nan na san ban ga komai ba da farko.

Mushe, cikin tsohon Fas mota ba ta shiga. Lunguna ne matsattsu, wani ma in ka buɗe hannuwa za ka taɓa bango biyu. Alfadarai da jakuna ke ɗaukar kaya, har tukwanen gas, in ka ji an ce "balak" sai ka manne da bango. Daga zawiyar Shehu, wanda ya rasu 1815, ƴar tafiya ce kaɗan zuwa masallacin Ƙarawiyyin da wata baiwar Allah Fatima al-Fihri ta gina a 859. Mace ce ta gina shi, ka gaya wa maiɗakinka wannan.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne majema. Ana hawa saman shagunan dukawa a leƙa ƙasa, ramuka ne jere kamar marinar Kano, wasu farare na toka, wasu ja, wasu rawaya, maza tsaye ciki har gwiwa suna tattaka fata. A bakin ƙofa yaro zai miƙo maka ganyen na'ana'a ka toshe hanci. Ni ban toshe ba, don kakana majemi ne a Maraɗi, warin nan na tashi cikinsa. Na tsaya na fi rabin awa ina kallon wani tsoho yana kankare gashi da wuƙa mai ƙota biyu, yadda ya karkata kafaɗa sak yadda kakana ke yi. Hawaye na yi, ban ɓoye ba.

Daga Fas kuma ka hau jirgin ƙasa zuwa Miknas, bai kai awa ɗaya ba. Daga can taksin haɗaka mai ɗaukar mutum 6 zai kai ku Maulay Idris, gari ne fari a kan dutse, nan kabarin Idris na Farko yake, jikan gidan Annabi (SAW) da ya kafa daular farko ta Musulunci a ƙasar. Da yamma baƙi duk sun watse, sai ku da ƴan gari. Kusa da shi akwai kangon Walili na Rumawa, har wuraren matse man zaitun nasu suna nan.

Mushe_Ila_Tawa:
Hajiya Allah ya saka da alheri. Maganar majema ta shige ni. Ina karantar da yara cewa fatar da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, da yawanta fatar jar akuya ce ta ƙasar Hausa da ke ƙetare hamada. Na rubuta Maulay Idris.

Elh_Mamane_Kasuwa:
Malam Ila, ni zan faɗi abin da ba ka so ji ba, ka yi haƙuri. Tahiyar hwarko ba a yi mata ƙwarewa. Shekara 20 ina bin jirgi, Dubai, Istambul, Gwanzu. Baƙo makaho ne ko yana da ido. Sau ɗaya na biye ma wani abokina munka bar babban gari munka tahi wani ƙauye mai nisa ganin dutse, ranar komowa motar da munka biya ba ta zo ba, munka kwana tasha, jirginmu ya tashi ya bar mu. Sabon tikiti ya ci mini abin da ya hi ribar kayan da na sawo. Kai kuma ba kai ɗaya ba ne, da iyali kake. Kuɗin adashe ne, ba na banza ba. Ajans ɗin da kake rainawa, in wani abu ya same ka akwai wanda za ka kira. Ka bi layinsu bana, in Allah ya kai rai wata shekara ka yi naka.

Nana_Aicha227:
Baba Alhaji, da girmamawa, ai abin da ya same ku darasinsa shi ne kada mutum ya kwana nesa da filin jirgi daren da zai tashi. Ba wai kada ya fita ba. Mushe yana jin Faransanci, yana da Larabcin makarantar allo, Maroko kuma akwai jirgin ƙasa mai bin lokaci daga Kazablanka zuwa Rabat, Miknas, Fas. Wata shekarar da kuke faɗi, malamin makaranta sai ya sake zubin shekara 3 kafin ya gan ta.

Elh_Mamane_Kasuwa:
Ɗiyata kin yi magana. To ya bar kwana biyun ƙarshe a Kazablanka, kada ya taɓa su. Wannan kam ban janye ba.

Ibro_UAM:
Mushe, tunda bakin hanyar ayari kake nema, sunan wurin Sijilmasa. Kangonta na gefen garin Risani a yankin Tafilalt, kudu maso gabashin ƙasar. An kafa ta wajen 757, kuma ɗaruruwan shekaru nan ne raƙuman zinariya ke sauke kaya. Daga nan Ibn Battuta ya tashi a farkon 1352, kwana 25 ya isa Tagaza inda ake gina ɗakuna da gishiri, ya wuce Mali. Da zai koma a 1353 ta ƙasarmu ya biyo, ya sauka Takadda inda ake narka tagulla, har ya ambaci Gobir da Barno cikin wuraren da ake kai ta. Masana da yawa na ganin Takadda ita ce Azelik, kusa da Tigidda-n-Tesemt arewa da Ingal. Ka ga kenan in ka tsaya a Sijilmasa, ka tsaya a ɗaya bakin igiyar da ɗayan ke bayan gidanmu. Ni ban samu zuwa ba tukuna, amma da ni ne kai ba zan dawo ban taka wurin ba.

Zabeirou_Rabat:
Ibro tarihin da ka kawo daidai ne, amma ni na je lokacin da nake karatu a nan, bari in faɗi abin da ido zai gani don kada Mushe ya ji an yaudare shi. Sijilmasa yau guntayen katangar ƙasa ce da tudun ɓaraguzai. Babu ƙofa mai ado, babu mai yi maka bayani sai in ka nemo. Wanda bai san labarin ba zai ce tsohon kango ne irin na bayan gari. Wanda ya sani kuwa, jikinsa zai yi sanyi. Ni na tsuguna na ɗauki wani ɓallin tukwane na juya shi a hannu, na mayar inda na gan shi.

Abin da ke da rai shi ne kasuwar Risani, tana ci Lahadi, Talata da Alhamis. Akwai fili guda na ɗaure jakuna kawai, ga dabino tuli-tuli, ga tumaki, ƴan ƙauye da rawani suna ciniki hannu cikin hannu. Wallahi sai ka ce kasuwar Abalak ce aka ɗauko. Mutanen yankin da yawa baƙaƙe ne kamarmu, babu mai juyowa ya kalle ka. Ku nemi burodin nan da suke cusa wa nama da albasa su gasa, madfuna suke ce masa.

Sai dai nisa. Daga Fas wuni guda ne cur a bas, ta Ifran da Midelt da Rashidiyya, hanyar duwatsu. Zuwa da dawowa kwana 2 sun tafi a mota. Kuma direbobi za su matsa muku ku wuce Marzuga hawan raƙumi kan tudun yashi. Wannan don Turawa aka tsara shi, mutumin Tawa ba abin da zai ƙaru da shi.

Dan_Koloma:
Zabeirou ka faɗa mashi sanyi. Disamba fa ya ce.

Zabeirou_Rabat:
Na gode da tuni. Mushe, sanyin can ba irin hunturunmu ba ne da rana na fitowa ya sake ka. Fas a Disamba ga ruwan sama ga sanyi, tsofaffin gidajen kuma ba su da abin ɗumama ɗaki. Ifran ƙanƙara ke sauka. Kafin ku kama ɗaki ku tambaya ko akwai na'urar ɗumi da ruwan zafi. Ku sayi riguna masu kauri a gwanjo tun daga Yamai, da safa, da rufaffen takalmi. Da safe ku sha bisara, fate ne na wake da man zaitun, da arha kuma yana riƙe ciki.

Baba_Adare:
Yara ku bari in sa baki. Wanga zance ya tuna mini da kaina. Shekara 22 ina Abijan bida, Ajame da Tireshbil na sani kamar tahin hannuna. Garan Basam kilomita 40 ce, motocin haya na gbaka na zuwa kullum, nan ne Turawa sunka hwara aje babban birninsu a 1893. Ban taɓa zuwa ba sai shekarar da zan komo gida, ɗana ya ja ni. Haka Kong, kowace shekara motarmu na ratsa arewacin ƙasar, ban san akwai tsohon masallacin ƙasa mai itace a jiki irin na Agadas ba, garin da Samori ya ƙone a 1897. Mu Adarawa mun hi kowa tahiya, amma daga tasha sai masauki sai wurin nema. Malam Ila, abin da kake so ka yi shi ne abin da ban yi ba, kuma ina jin ciwonshi. Ka tahi.

Hadiza_Zongo:
Baba Allah ya ƙara lafiya, haka abin yake. Ni Gana nake zuwa saro atamfa, Akra da Kumasi kawai. Bara na ce sai na ga Salaga, don kakata kullum zancenta Gwanja, mijinta ya yi fataucin goro. Daga Tamale na shiga mota. Gari ne ƙarami yanzu, tun yaƙin basasar 1892 kasuwarsa ta watse, amma rijiyoyin da fatake da bayi suka sha suna nan birjik. Na yi sallama da Hausa aka amsa mini da Hausa, wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce daga wane gari, na ce Tawa, ta ce a kawo mini ruwa. Sai dai a sani, Salaga ba goro kaɗai aka sayar ba, an sayar da mutane, kuma namu na cikin masu saye. Na fito wurin jikina a mace. Duk da haka gara da na je.

Garba_Gaskiya:
Ni abin da ke ba ni mamaki, kowa na zancen ƙasar wasu. Cikinku mutum nawa suka hau hasumiyar masallacin Agadas? Tun 1515 aka gina masallacin, hasumiyar mita 27 ta ƙasa zalla, UNESCO ta sa garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Daga Tawa kilomita 400 ne. Nawa suka ga Birnin Damagaram? Raƙuman dawa na Kure kilomita 60 daga Yamai. Mushe, ka fara da Ingal da Azelik ɗin da Ibro ya faɗa kafin ka kai kuɗinka Maroko.

Mushe_Ila_Tawa:
Malam Garba na hau hasumiyar Agadas sau 2, na biyun da ɗalibaina. Matakalar tana ƙara matsewa har sai ka karkace kafin ka fito sama. Ingal ma na je lokacin bikin gishiri. Ganin wannan gefen ne ya sa nake son ganin wancan. Azelik kam ban je ba, kuma ka san yanayin hanya da tsaro yanzu ba kamar da ba.

Garba_Gaskiya:
To na janye rabin maganata. Rabin ya rage ga sauran ƴan zaure.

Oumma_Halima:
Tunda an buɗe zancen, masu zuwa Umra ma haka. Otal, Harami, kasuwa, sai ziyarar da mota ke kai kowa Uhudu da Ƙuba a ba ku minti 20. Mu mun ɗauki taksi mun hau Ɗa'if, gari a kan duwatsu mai sanyi, muka yi salla a masallacin Abdullahi ɗan Abbas. Ina hawan dutsen nan a mota ina tuna Manzon Allah (SAW) da ƙafa ya je, aka jefe shi har ya yi jini. Daga Madina kuma mun je Badar, wajen kilomita 150. Yanzu bizar Umra ba ta tsare mutum a garuruwa biyu kamar da. Saura Al-Ula nake son gani.

Malam_Chaibou:
Hajiya a yi hattara da Al-Ula. Can ne Hijir, garin Samudawa mutanen Annabi Salihu. Ya tabbata cikin Buhari da Muslim cewa da Annabi (SAW) ya ratsa wurin a hanyar Tabuka ya hana shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba sai mutum yana kuka, ya rufe kansa ya gaggauta wucewa. Ba wurin ɗaukar hoto da dariya ba ne.

Ibro_UAM:
Allah ya gafarta Malam, hadisin haka yake. Ƙarin bayani kawai: manyan kaburburan da aka sassaƙa a duwatsun, waɗanda ake gani a hoto, aikin Nabatawa ne, masu garin Petra, wajen ƙarni na 1 miladiyya. Kuma tsohon garin Al-Ula daban, Hijir daban, akwai ƴar tazara tsakaninsu.

Malam_Chaibou:
Ko wa ya sassaƙa, ƙasar ita ce. Wanda zai je don wa'azi ga ransa, malamai sun yi magana a kai. Yawon shaƙatawa ne nake ja wa kunne.

Admin_Zaure:
Jama'a maganar Hijir babba ce, a buɗe mata nata zaren. Mu koma kan Mushe da kwana 12 ɗinsa.

Nana_Aicha227:
Tambaya ɗaya da ba wanda ya yi: Mushe, ka tambayi Madam abin da take so ta gani? Ku maza in kun ce tarihi sai ku sa mace tafiyar wuni a bas don ganin katanga. Wataƙila ita teku take son gani, tunda ba mu da shi. Kuma lungunan Fas hawa da sauka ne, in tana da ciwon gwiwa a sani tun yanzu.

Hajiya_Rabi_Yamai:
Nana ta faɗi gaskiya. Kuma in ƙara da wani abu da ban faɗa ba ɗazu. A ƙananan garuruwan arewa za a kalle ku, wani yaro ma ya jefo kalmar da ba ta da daɗi saboda launin fata. Ya faru da ni sau ɗaya, raina ya ɓaci wunin ranar. Amma a garin nan dai wata mata ta ga ina neman wurin alwala ta shigar da ni gidanta, ta kawo shayi da burodi, ta ƙi karɓar ko dala. Da ɗan gari akan ci gari. Ku kama ɗaki a gidajen da masu su ke zaune ciki, sun fi manyan otal arha, kuma matar gidan za ta nuna wa Madam inda mata ke sayayya da farashin gaskiya.

Sani_Boukoki:
Maganar takardu. Ka je ofishin jakadancinsu a Yamai da kanka ka tambayi abin da ake bukata a watan da za ka tashi, kada ka dogara da abin da wani ya yi bara, ƙa'idojin shiga na canzawa. Ka duba kwanakin fasfo ɗinku, da na Madam. Ka riƙe katin rigakafi. Ka buga takardar masaukin daren farko da tikitin dawowa a takarda, kada ka bar su cikin waya kawai. Kuɗi kuma ka canza sefa zuwa yuro tun nan, yuro 1 kusan sefa 656 ne a hukumance, wato jika 100 ta ɗan haura yuro 150, ƴan canji za su ɗora nasu. Dirhami, kuɗin Maroko, can ake samunsa. Ka raba kuɗin gida biyu, rabi wurinka rabi wurinta.

Dan_Koloma:
In kuma kun fasa Risani, akwai Tanja. Jirgin ƙasa mai gudu da aka buɗe 2018 awa 2 da ƴan mintoci daga Kazablanka. Garin su Ibn Battuta ne, kuma Madam za ta ga teku har da tsallaken Sipaniya.

Mushe_Ila_Tawa:
Na gode ƙwarai jama'a, ban zaci zaren zai kai haka ba. Nana, na bi shawararki, daren jiya na karanta mata duk abin da kuka rubuta. Abu biyu ta ce: tana son ta yi ziyarar Shehu, don mahaifinta ya rasu da burin zuwa bai samu ba, kuma tana son ta sa ƙafarta cikin teku. Da na kai kan kasuwar Risani da dabino ta ce ita ba ta tsoron bas, ta sha yin Tawa zuwa Yamai kilomita 550 da goyo.

Ga abin da na zana: kwana 1 Kazablanka mu huta, kwana 4 Fas, ciki har da kwana 1 a Maulay Idris, sai mu gangara Risani mu daidaita da kasuwar Alhamis, mu dawo, kwana 2 na ƙarshe Kazablanka kamar yadda Alhaji Mamane ya ce, nan za ta ga teku. Marrakesh ta fita.

Elh_Mamane_Kasuwa:
Kwana biyun nan kada su zama ɗaya. Allah ya kiyaye hanya.

Sani_Boukoki:
Ni ban yarda a cire Marrakesh gaba ɗaya ba. Yawan masu zuwa bai rage mata komai ba, Murabiɗai ne suka kafa ta, kuma daga nan rundunar da ta karya Songai a Tondibi a 1591 ta taso. Malamin tarihi ɗan Nijar ya tsallake wannan?

Ibro_UAM:
Sani ya kawo magana mai nauyi. Fadar Badi da sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ya gina tana can, kuma a garin aka tsare malamin nan Ahmad Baba na Tumbutu. Daga Risani akwai hanyar da ke bi ta Warzazat ta faɗa Marrakesh, ba dole ku koma Fas ba.

Zabeirou_Rabat:
Akwai, amma ita ma wuni guda ce, kuma tana hawa mashigar Tishka, sama da mita 2000. In ƙanƙara ta sauka a Disamba akan rufe ta. Mushe, wace rana ce jirginku zai sauka? Ka faɗa mini in lissafa maka ko Alhamis ɗin za ta yiwu, in ba ta yiwu ba a koma ta Lahadi.

Mushe_Ila_Tawa:
Asabar da safe in sha Allah, in ba a canza ranar hutu ba. Ka lissafa mini hanyoyin biyu, ta Fas da ta Warzazat, in nuna mata ta zaɓa.